Fiɗiyar 'Ya'yan Aladu: Jan Hankali ga Masu Kiwo

Jama'a masu kiwon aladu na Kudancin Kaduna da Filato, da masu kai dabbobinsu kasuwar Katsit kusa da Kafanchan, wannan takarda taku ce.

Me ya sa ake fiɗiye ɗan alade? Saboda wari. Idan namiji ya balaga, wajen wata 5 zuwa 6, kitsensa kan tara wasu sinadarai biyu. Ɗaya daga 'ya'yan marainansa yake fitowa, ɗayan kuma a hanji ake samar da shi. Da naman ya ji wuta sai ƙarni ya tashi kamar na tsohon bunsuru, mai saye ya toshe hanci ya wuce. Ba kowane namiji ke yin haka ba, kuma a cikin mutane mata sun fi maza jin warin. Ƙazantar ɗaki tana ƙara shi, don haka mai barin aladunsa suna kwana cikin kashinsu kada ya ga laifin kowa.

To, amma a daina cewa ɗan alade bai san zafi ba don yana ƙarami. Ya sani sarai. Dubi yadda yake tsala ihu in an ja jijiyar marainansa, da yadda yake raɓewa gefe yana makyarkyata, ya ƙi nono. Shi ya sa Jamus ta hana fiɗiya ba tare da maganin sa barci ba daga farkon 2021, Faransa ma ta hana yin ta babu maganin kashe zafi a 2022. A Ingila kuwa yawanci ba sa fiɗiya sam, sai dai su yanka dabbar tun ba ta gama balaga ba. Akwai kuma allurar Improvac, wadda ake yi sau biyu ta hana warin ba tare da aska ba.

Wanda ba a fiɗiye ba ya fi tsoka da amfana da abinci, sai dai ga faɗa. Fiɗiyayye ya fi kitse da sanyin hali.

In fiɗiyar ta zama dole, a yi ta cikin makon farko na haihuwa. A nemi malamin dabbobi ya ba da maganin kashe zafi. A yi da sabuwar reza, a wanke hannu, a shafa aidin, a bar yankan a buɗe don ruwa ya tsiyaye. Toka da baƙin mai ba magani ba ne, ƙofar ciwon sarƙewar haƙora suke buɗewa. Wanda marainansa suka kumbura ta gefe ɗaya, wataƙila ƙaba ce. Kada ka yanka, hanjinsa zai biyo hannunka.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa, har da mai dandaƙar bunsuru da sa, domin zafin duk ɗaya ne.