Shawarwari Ga Malamin Da Aka Turo Gwajin Koyarwa A Dala

Duk shekara kwalejojin ilimi na Kano da Jami'ar Bayero kan tura ɗalibansu gwajin koyarwa, wasu su faɗo sakandarorin Dala, daga Gwammaja har Gobirawa. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce ɗalibi 40 ga malami ɗaya, amma kada ka yi mamaki in ka tarar da ninkin haka, musamman tun da gwamnatin Kano ta ayyana ilimi kyauta kuma dole a 2019. Na sha ƙurar alli, ga abin da ya yi mini amfani.

1. Riga su shiri. Da shigarka ka rubuta tambaya ɗaya a allo, kowa ya amsa a littafinsa. Hannun da ke rubutu ba ya jifa da takarda.

2. Haddace sunaye a makon farko. Zana taswirar kujeru a bayan littafinka, ka sa sunan kowa a gurbinsa. Za ka iske Aisha biyar da Abubakar shida, sai ka haɗa da sunan uba. "Kai mai hula" ba ya tsayar da surutu, amma yaro na jin cikakken sunansa zai nutsu.

3. Kada ka yi gasar murya da su. Sun fi ka yawa, kafin Laraba maƙogwaronka ya dishe. Yi shiru, ka taka zuwa layin da hayaniyar take, ka ci gaba da bayani daga nan.

4. Raba wa masu ƙiriniya aiki. Monita ɗaya ba zai iya da aji mai cunkoso ba, don haka kowane layi ya samu shugaba. Jagoran 'yan baya shi za ka ba gogar allo da karɓar littattafai.

5. Ajiye bulala, ka kuma tsare bakinka. Kai baƙo ne, hukunci mai nauyi na malamin aji ne da shugaban makaranta. Mai laifi ka kira shi gefe bayan darasi, domin saurayin da aka muzanta gaban abokansa sai ya nemi ramuwa. Zagin iyaye ko daƙuwa kuwa, a cikin birni inda kowa ya san gidan kowa, kafin ka hau adaidaita labari ya isa zaure.

6. Tambayi dalilin makara. Wani ruwa ya ɗebo, wata ƙannenta ta raka, wani shagon babansa ya buɗe a kasuwar Ƙofar Ruwa. Ba cewa na yi ka ƙyale ba, sai dai maganin kowanne daban ne.

7. Yi lissafin zafi. A Maris da Afrilu, darasin bayan tara barci ne ke cin rabinsa. Rage dogon bayani, ka riƙa fito da su allo bi da bi.

8. Ja layi tsakaninka da su. Tazarar shekarunku kaɗan ce, to ban da ba da lambar waya, ban da hirar WhatsApp, musamman a makarantar 'yan mata. Malama ma haka. Kuma tun kafin ka fara, roƙi malamin ajin ya bar ka ka zauna a kujerar baya ka kalli darasinsa ko sau biyu ne.