Yadda Ake Gane Tafiyar Damina da Shigowar Hunturu

Da marka ta wuce, watan Satumba ya raba, manomi a garin Adabka tambaya ɗaya ke cin sa: saura ruwa nawa? Gero ya shiga hannu, amma dawa na tsaye, wake na fure, ga gyaɗa a ƙasa. Wanda ya shanya amfani ruwan ƙarshe ya same shi, ya san ɗacin kuskuren lissafi.

Da iska ake farawa. Fita bayan sallar asuba ka tsaya a fili, ka ɗebi ƙasa mai laushi ka sake ta. Duk tsawon damina iska daga kudu maso yamma take zuwa, ɗauke da laimar tekun Atlantika. Ranar da ka ga ƙurar ta karkata yamma ko kudu, iskar hamada ta fara leƙowa daga arewa maso gabas. Kada ka yanke hukunci da safiya ɗaya. Iskokin nan biyu kokawa suke yi, yau wannan ta ture waccan, gobe a rama. Masana yanayi suna bin layin da suke haɗuwa a kan taswira: a Agusta yana can arewa cikin Nijar, daga nan ya riƙa ja da baya, har ya ratsa ƙasar Anka, Bukkuyum da Gummi wajen Oktoba. Yana wucewa kudu, ruwa ya ɗauke. Amma kafin ya wuce, a yi hattara da hadarin gabas, don na ƙarshen damina yakan zo da iska mai kwantar da dawa.

Sai raɓa, wadda ni na fi yarda da ita. Idan ka ratsa gonar wake da sassafe wandonka ya jiƙe har gwiwa, ga zafin agazari da rana, to sama ta fara washewa da dare, amma laima ba ta ƙare ba. Wannan raɓar ce ke ƙarasa wake da dawa. In ta fara ƙaranci, leɓe ya soma tsagewa, tulu ya riƙa sanyaya ruwa fiye da da, ɗari ya kusa.

Daga nan ka ɗaga kai. Gawo, da ya yi damina tsirara, zai fara fitar da sabon ganye, kuka kuwa ta fara zubar da nata. Shamuwa ta bar sheƙarta ta nufi kudu. Taurarin Kaza da 'ya'yanta kuma, in ka gan su a gabas jim kaɗan bayan magariba, Nuwamba ce ta kama.

Na ƙarshe shi ne rediyo, kuma ban ga dalilin da zai sa dattijo ya raina shi ba. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, har da lokacin da ake sa ran ɗaukewar ruwa. Hazo ma ana ganin tasowarsa tun daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi. In tauraron ɗan'adam ya nuna ƙura ta tashi a yankin Faya, cikin kwana ɗaya ko biyu za ta rufe arewacin Najeriya. Abin da gawo ba zai faɗa maka ba ke nan.

Idan iska, raɓa da rediyo suka yi baki ɗaya, a tone gyaɗa a shanya, a gyara rumbu, masu fadama a bakin gulbin Zamfara su shirya irin albasa. A shekarun nan da zuwa gona mai nisa ya zama abin fargaba a yankin, mutum ba ya son ya yi tafiya biyu inda ɗaya za ta isa. A kuma fito wa yara da tsofaffi da rigunan sanyi tun kafin tari ya shigo gida.