DARASIN WANNAN FITOWA: IN HUNTURU YA YI SAMMAKO, YAYA ZA A YI DA LAMBUN GIDA?

 'Yan'uwa fataken shanu, na gida da na kan hanya, darasinmu na wannan karo zai ɗan kauce wa maganar farashi da takardun kan iyaka, ya zaga bayan gida, inda matanmu da yaranmu suke ɗan lambun kuɓewa da alayyafo.

Na san wani zai ce, "Haba Alhaji, me ya haɗa mai lodin tirela da fangalin ayoyo?" To, ka yi haƙuri ka ji. Lokacin da sanyi ke shigowa Tamale shi ne lokacin da ba ma zaman gida. Shanu sun ƙoshi da ciyawar damina, kudu na neman nama saboda Kirsimeti, mu kuwa muna tsakanin Paga da Kumasi da turakun Ashaiman. Kuɗin cefanen da ka bari a gida, sau da yawa ɗan lambun nan ne ke sa su kai ranar da za ka dawo.

ABIN DA YA SAME NI

Wata shekara, a ƙarshen Oktoba, na sa aka shuka kuɓewa fangali shida a bayan gidana, sannan na tafi Puytenga ta Barkina Faso sayen bijimai. A can na tarar iska ta riga ta juya. Leɓe ya tsage, sai da na naɗe hanci da rawani a cikin kasuwa. Amma ko kusa lambu bai faɗo mini a rai ba. Na yi lodi, na wuce kudu, na yi ta jiran dillalai su haɗa kuɗi. Da na dawo gida bayan wajen wata guda, sai na iske kuɓewar ba ta wuce taƙi ɗaya ba, ga ta ta fara fure tun tana ƙasa, ganye ya yi toka-toka ya nannaɗe, awakin maƙwabta kuma sun fasa gefe guda sun cinye fangali biyu.

Uwargida ta ce, "Maigida, ruwa kam ba mu rage shi ba, safe da yamma. Da famfo ya ɗauke har na tanka muka saya." Da na lissafa kuɗin ruwan, sai na ga da kuɓewa aka saya da su a kasuwar Aboabo, da an yi miyar wata biyu.

Na tafi wajen wani dattijon Badagombe mai lambu kusa da dam ɗin Bulpela, na ce, "Baba, sanyi ya kashe mini lambu." Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, kai da ka san ba a sayen ramammiyar saniya a bakin rani, yaya ka shuka kayan damina a bakin ɗari?" Daga wannan zama na fara koyon abin da zan kawo muku.

DARASI NA ƊAYA: MU SAN ABOKIN GABA

Tamale damina ɗaya gare ta, daga wajen Afrilu ko Mayu zuwa Oktoba, ruwan shekara kuma kimanin milimita 1,100. Da ruwa ya janye sai iskar arewa maso gabas ta sauko daga Hamada. Yawancin hazon da take ɗaukowa daga wani busasshen kwari yake tashi a arewacin Chadi, wanda ake kira Bodele. Iskar tana fara bugun Nijar da arewacin Barkina, sannan ta iso mana, can daga baya ta kai bakin teku. A yadda aka saba, ƙarfinta a nan Disamba ne da Janairu zuwa Fabrairu, amma akwai shekarun da take sammako tun farkon Nuwamba, shuka na ƙarama.

Sanyinmu bai kai na ƙasar Turai ba, inda ruwa ke daskarewa a jikin ganye. Da asuba ma'aunin zafi yakan sauka ƙasa da digiri 20, wani lokaci kusa da 15, da rana kuma ya haye 33 ko 35. Saboda haka da wuya sanyin shi kaɗai ya kashe shuka. Abubuwa huɗu ne ke haɗuwa su yi ɓarna.

Na farko, sanyin dare yana tsayar da girman kayan da ke son ɗumi, kuma irinsu yakan daɗe a ƙasa bai tsiro ba. Na biyu, bushewar iska. Abin da take yi wa leɓenka da diddigenka, shi take yi wa ganye da fuskar ƙasa, ga shi raɓa ta ɗauke. Na uku, ƙura tana rufe ganye, ƙananan ƙwari kuma irin jan gizo-gizon nan mai kamar garin barkono suna yaɗuwa a ƙarƙashinsa. Na huɗu, yini yana gajarta. Kuɓewar gida da ayoyo da rama da yakuwa, in suka ji dare ya yi tsawo sai su gaggauta fure tun ba su yi jiki ba. Abin da ya sami tawa ke nan.

DARASI NA BIYU: KAI NE MAI KAWO LABARI

A nan Allah ya ba falke abin da bai ba mazaunin gari ba. Kai kana gamuwa da hunturu a Puytenga ko Fadan Gurma ko Wagadugu tun bai iso Tamale ba. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ranar da ka ga hazo ya rufe rana a can, ko ka ji direba na neman man kaɗe, to ka buga waya gida a ranar, ka ce a ɗaura zana, a rufe ƙasa. Wayar da kake tambayar farashin Kumasi da ita, ita ce dai.

Wani gargaɗi ga 'yan'uwana masu lissafi da watan Musulunci. Shekararmu ta Hijira tana gaza ta rana da kimanin kwana 11, don haka azumi ke zagaya damina da rani. Ibada da wata ake yin ta, amma shuka da rana take tafiya. Kada ka ce, "Bara waccan a wata kaza na shuka ta yi kyau." Ka riƙe Oktoba da Nuwamba.

DARASI NA UKU: ME ZA A SHUKA?

Sanyin da ya ƙi kuɓewa, shi ne abin da wasu kayan ke jira. Tumatir yana ɗaure 'ya'ya sosai in dare na da sanyi, in zafin Maris ya shigo kuwa furen zubewa yake yi. Albasa, kabeji, latas da karas duk 'yan ɗari ne. Ba banza ba manoman rani na Bontanga da Golinga da Libga, da na Tono can wajen Navrongo, suke himma a wannan lokaci, kuma jar albasar Bawku da muka sani amfanin rani ce.

Don haka:

1. Kuɓewa da ayoyo, in ana son su, a shuka da sauran damina yadda za su yi jiki kafin Nuwamba. Abin da ya yi yawa a yanka a shanya. Hunturu gwanin shanya ne, busasshiyar kuɓewa kuwa ba ta neman ruwa.

2. Irin tumatir da kabeji da albasa a zuba shi a wurin reno tun Oktoba, a ƙarƙashin 'yar rumfar ciyawa. Tumatir da kabeji akan dasa su bayan mako 3 zuwa 4, albasa bayan kamar mako 6. A yi dashe da yamma.

3. Alayyafo yana jurewa in akwai taki da kariya, sai dai a riƙa shuka shi kaɗan-kaɗan, duk mako biyu.

4. Zogale in ya kaɗe ganye bai mutu ba. A sassare kansa, a ba shi ruwa, zai toho.

DARASI NA HUƊU: SHINGE

Shinge aiki biyu yake yi. Mun san al'adar ƙasar nan: da damina ana ɗaure awaki da tumaki, da an kwashe amfanin gona sai a sake su. Daga nan lambunka shi ne kaɗai kore a unguwa. In kuma ka kawo shanu biyu-uku gida kafin lodi, to ɓarawon na cikin gida ne.

Aiki na biyu shi ne tare iska. A ƙarfafa gefen arewa da gabas da zana ko dannin karan dawa, tsayin mutum. Shinge irin wannan yana rage ƙarfin iska a bayansa har nisan da ya ninka tsayinsa kusan sau 10, wato ya ishi lambun gida. Zana mai 'yan kafofi ta fi kwanon rufi, domin in iska ta bugi abu toshe sai ta haye ta faɗo da ƙarfi a bayansa. Amma a share ciyawa tas a kewayen shingen. Mu da muka ga gobarar daji ta 1983 muna yara, ba sai an yi mana wa'azin wuta da hunturu ba. Yaran da ke jin ɗumi da asuba, a nisanta su da zana.

DARASI NA BIYAR: TAKI, DUKIYAR DA MUKE TAKAWA

Abin kunya ne a ce gidan mai shanu ne ke da ramammen lambu. Kashin da muke takawa a kasuwar Gunayili da wurin lodi, masu lambu da kuɗi suke nemansa. Ƙasar da ta sha taki tana riƙe ruwa, kuma shukar da ke cikinta ta fi jure iska, kamar yadda ƙosasshen sa ya fi jure tafiya.

Sai dai kada a zuba ɗanye. Ɗanyen kashi yana ƙone saiwa, yana kawo 'ya'yan ciyawa, yana iya sa cuta a ganyen da ake ci ɗanye irin latas. A haƙa rami tun Agusta, a riƙa jera kashi da tattakar ciyawa da ɗan toka, a yayyafa ruwa, a juya duk mako biyu. Bayan wata 2 zuwa 3, in ya yi baƙi, ya huce, warin ya tafi, to ya nuna. Bokiti ɗaya ko biyu sun ishi fangali. Kuma ko kyauta aka ba ka, kada ka kwashi taki ko ƙasa daga inda dabba ta faɗi ta mutu farat ɗaya. Ciwon saifa yana daɗewa a cikin ƙasa shekaru da yawa, kuma ba mu manta yadda ya sa aka hana zirga-zirgar dabbobi a Jihar Gabas ta Sama a 2023 ba.

DARASI NA SHIDA: RUWA

Kowa ya san halin ruwa a Tamale da rani. Famfon da ke zuwa daga Dalun ba kowace unguwa yake isa kullum ba. To, a yanka lambu daidai ruwa. A lissafina, jarka rawaya mai lita 25, wadda ake ce wa galan Kufuor, tana isar fangali mai faɗin taku 1 da tsawon taku 4 a yini. In jarka uku gidanka ke iya warewa, fangali uku za ka yi. Uku masu rai sun fi goma masu suma.

A yi fangali mai zurfi kamar tafin hannu, yadda ruwa zai zauna, ba kunya mai tudu irin ta damina ba. A rufe fuskar ƙasa da bambaron shinkafa ko busasshiyar ciyawa, kaurin yatsu uku, a bar ɗan fili a gindin shuka saboda gara. Harawar gyaɗa da ta wake kam a bar wa dabbobi, sun fi lambu buƙatarta. A ba da ruwa a gindi, ya ƙoshi, da hantsi kafin iska ta tashi ko bayan la'asar. Sau ɗaya ko biyu a mako a wanke ganye daga ƙasansa don a kore ƙura da ƙwari. In sun yi yawa, a daka 'ya'yan darbejiya a jiƙa su kwana, a tace a fesa da yamma.

Ruwan alwala kuma kada ya bi kwata. A ajiye daro a wurin, ko a ja masa 'yar hanya zuwa gindin zogale da gwanda. Gida mai mutum goma, salla biyar, ka lissafa. Ruwan wanki mai sabulu a kai wa itatuwa, banda ganyen miya.

KAFIN KA HAU MOTA

Yadda kake duba taya da takardun likitan dabbobi, haka za ka tambayi kanka: An ɗaura zana? Taki ya nuna? An rufe ƙasa? Wane yaro aka ɗora wa ban ruwa? An ware kuɗin ruwa daban da na cefane? Kuma ka zauna da uwargida ka ji nata, domin ita ce ke wurin kullum, ta fi ka sanin fangalin da rana ke fara bugu.

Malamanmu sun karantar da mu cewa Musulmin da ya yi shuka, duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci daga gare ta, sadaka ce a gare shi. Da wannan na yafe wa awakin maƙwabta fangali biyun nan, amma ban fasa ƙarfafa shinge ba.

Wanda ke da wata dabara daga Bolga ko Yendi ko Dapaong, ya aiko wa sakatare a buga, a ƙaru da juna. Allah ya kai mu kasuwa lafiya, ya dawo da mu lafiya, ya sa mu iske iyali cikin wadata. Amin.

Wassalam.
Ɗan'uwanku a sana'a, daga Tamale.