Dokar Kulle da Aikin Fiɗa na Gaggawa

Zancen kimiyya na wannan mako ya shafi abin da ya auku a ɗakunan fiɗa na asibitocin Ingila, sa'ad da annobar korona ta sa aka kulle mutane a gidajensu a cikin shekarar 2020.

Aikin fiɗa iri biyu ne. Akwai wanda a ke sa wa rana, kamar cire yanar ido, wanda in an ɗaga shi majiyyaci zai sha wuya, amma ba zai rasa ransa ba. Akwai kuma wanda ba ya jiran gobe, watau kamar hanji ya toshe, ko ƙaba ta shaƙe shi, ko ɗan wutsiyar hanjin nan da a ke kira afendis ya kumbura. Ran 17 ga Maris aka umurci asibitoci su ɗage iri na farko, domin a sami gadaje, kuma likitocin sa barci, waɗanda su ne gwanayen injin numfashi, su koma jiyyar masu korona. Iri na biyu ba a hana shi ba. Ran 23 ga watan Firayim Minista Boris Johnson ya ce kowa ya zauna gida.

Nan da nan sai sassan gaggawa suka yi tsit. Waɗanda suka je can a watan Afrilu ba su kai rabin na Afrilun 2019 ba. Wani sashi na raguwar ba abin mamaki ba ne, gama motoci sun ragu a hanya, an daina ƙwallo, an rufe mashaya. Amma afendis bai san dokar kulle ba. Masu ciwon ciki suna nan, tsoron asibiti ne ya zaunar da su, waɗansu kuwa kunyar ƙara wa likitoci nauyi.

To, ga illar jinkirin. Afendis in ya kumbura, cire shi aiki ne na kamar sa'a guda, mutum ya koma gida bayan kwana ɗaya ko biyu. In aka bar shi, ya kan fashe, ruɓa ta bazu cikin ciki, ƙwayoyin cuta su shiga jini. Likitoci a ƙasashe da dama sun ba da labarin cewa a cikin waɗanda suka zo musu, masu fasasshen afendis sun fi na da yawa. Gaskiya ne, waɗansu masu ɗan ƙaramin kumburi sun warke a gida da kansu, wannan ma ya sa lissafin ya karkata. Duk da haka an yi sakaci wajen shela: an nanata wa jama'a su zauna gida, ba a nanata musu ciwon da ba a zama da shi ba, sai a ƙarshen Afrilu hukumar lafiya ta shiga roƙon marasa lafiya su zo.

Su ma likitocin fiɗa suna tsaka mai wuya. Wani bincike da masanan Jami'ar Birmingham suka shugabanta ya bi mutum 1,128 masu korona da aka yi wa fiɗa a ƙasashe 24. Rabinsu sun sami matsalar huhu, kusan ɗaya cikin huɗu ya rasu kafin kwana 30. Har wa yau an ji tsoron fiɗar nan ta 'yar huda, wadda a ke hura iska cikin ciki, kada iskar ta fito da cutar ta kama ma'aikata.

Saboda haka aka koma ba masu afendis da yawa maganin kashe ƙwayoyin cuta maimakon wuƙa. A shekarar 2020 kuwa wani babban gwaji a Amurka ya nuna kamar bakwai cikin goma na waɗanda aka yi wa haka sun kai wata uku ba a yi musu fiɗa ba. Waɗanda ɗan dutse ya toshe musu bakin afendis su ne suka fi komowa hannun likitan fiɗa.