Amsoshin Tambayoyinku: Aikin Nas Bayan Maganin Sankara

Wata mai sauraronmu daga Zariya tana tambaya: mahaifiyarta ta kammala maganin sankarar mama, to wane aiki ya rage wa ma'aikatan jinya?

'Yar'uwa, Allah ya ƙara wa Mama lafiya. Ai da sauran aiki. Idan an cire kaluluwar hammata lokacin tiyata, hannu na iya kumbura. Nas ce ke auna kaurinsa, ta koya mata motsa shi. Ita ke tuna mata ranar komawa asibiti, da shan ƙwayar tamoxifen in likita ya rubuta, wadda akan sha shekara 5 zuwa 10. Takan zauna ta saurari fargabarta ta dawowar ciwon. Don Allah, kada ku ɓoye wa nas sabon ƙullutu ko ciwon ƙashi.