Amsoshin Tambayoyinku: Kwamfuta Za Ta Iya Sanin Inda Dutse Zai Tsage?

Tambaya: Sana'ata fasa dutse ce. Ɗana da ke karatun injiniya ya ce wai yanzu kwamfuta na nuna hanyar da tsaga za ta bi tun ba a ɗaga guduma ba. Gaskiya ne, ko cika bakin 'yan boko ne? Daga wani mai karatu a Kakau, ƙaramar hukumar Chikun, jihar Kaduna.

Amsa: Yaron bai yi ƙarya ba, sai dai da sauran magana.

Dutse irin na ƙasar Kaduna yana jure danni ƙwarai, ja ne ba ya so. Ƙarfinsa wajen ja kusan kashi ɗaya ne cikin goma na ƙarfinsa wajen danni. Kuma babu dutsen da yake lafiya lau. Duk sulɓinsa, cikinsa cike yake da 'yan tsagogin da ido ba ya gani. Ka lura da mai sayar da yadi: ya ɗan ciza bakin yadin da almakashi, ya ja, sai ya yage har ƙarshe, domin duk ƙarfin jan a tsinin yankan nan yake taruwa. Wani injiniya ɗan Ingila, Alan Griffith, shi ya fito da lissafin wannan a 1921, bayan gwaje-gwaje da gilashi. A 1957 George Irwin na Amurka ya samar da ma'aunin ƙarfin da ke taruwa a tsinin tsaga: in ya haura abin da dutsen zai iya ɗauka, tsaga ta kama tafiya.

Wutar da ake hurawa a kan dutse ma aikinta ke nan. Sama ya yi zafi ya buɗe, ƙasa na nan da sanyi, ƙwayoyin dutsen kuma kowace da yadda take kumbura, sai su yi ta jan juna har a ji ƙas!

To, ina kwamfuta ta shigo? Akan zana dutsen a cikinta, a yayyanka zanen ƙanana-ƙanana, dubbai ko miliyoyi. A gaya mata taurin dutsen da inda aka buga shi. Sai ta lissafa abin da kowane yanki yake ɗauka, ta ga wanda ya gaza, ta ƙara wa tsagar tsawo kaɗan, ta sake lissafi daga farko, haka har dutsen ya rabe. Akwai kuma hanyar da Peter Cundall ya ɓullo da ita a 1971, wadda ke ɗaukar dutse a matsayin gutsattsari masu haɗe da juna. A ganina ita ta fi dacewa da dutsen da ya riga ya daddare. Da irin wannan lissafi ake tsara tazarar ramukan nakiya da ginin madatsun ruwa.

Sauran maganar ita ce, abin da aka faɗa wa kwamfuta kaɗai ta sani. Jijiyar da ke ɓoye a cikin dutse, wadda kai kake ganewa da amon guduma, in ba a auna an shigar mata ba, lissafinta zai fito tsaf amma a karkace. Ɓoyayyar tsaga kuwa ba abin wasa ba ce. Madatsar Malpasset ta Faransa ta ɓalle a watan Disamba na 1959, mutum sama da 400 suka rasu, kuma dutsen da aka ɗora ta a kai ne ya ba da kai.

In yaron na son gwadawa, ka ba shi dutsen wurinku ya kai ɗakin gwajin makarantarsu. Za su yanko faifai daga jiki, su tsayar da shi a kan gefensa, inji ya matse shi har ya rabe biyu ta tsakiya. Fernando Carneiro na Birazil ya fito da gwajin a 1943, kuma adadin da aka samu a nan yana cikin abin da za a fara shigar wa kwamfutar.