Sandar Kyamara Ba Ta Tsayuwa Da Kanta

Daga Babbar Sallah zuwa yau, kyamarori uku aka kawo mini gyara a shagona a nan Ɗambatta, kuma duk ciwonsu ɗaya ne: sun faɗo daga kan monofod, wato sandar nan mai ƙafa ɗaya. Biyu daga cikin masu su sabuwar sanda suka saya bayan tsohuwar ta lalace. Da na tambayi kowannensu yadda aka yi, amsar iri ɗaya ce: "Ai mai kayan ya ce tana tsayuwa da kanta."

Wannan magana ta ishe ni. Sandunan da ake kawowa yanzu masu ƙananan ƙafafu uku a gindi, an yi ƙafafun ne domin sanda ta zauna daram a ƙasa, mai ɗaukar bidiyo ya riƙa juya ta a hankali hoton bai girgiza ba. Hannunka dai shi ne mariƙinta. Ƙafafun da tsawonsu bai wuce taƙi ɗaya ba, yaya za su riƙe nauyin da ke can sama daidai fuskar mutum? Kyamara irin Canon 5D Mark III da batirinta ta kusa kilo 1, lens ɗin 70-200 mai f/2.8 ya kai kilo 1.5, ga fitila ga makirifo. A cikin shago, a kan siminti, ba iska, sanda za ta tsaya mai kaya ya nuna maka. Amma je ka gwada a filin hawan Sallah a ƙofar gidan Sarkin Bai, inda ƙasa rairayi ce, dawakai na sukuwa, yara na turereniya. Ko a wajen kamu, inda gyalen mace ɗaya ya isa ya janyo ta ƙasa. Hatta kamfanoni irin Manfrotto da Benro da Sirui suna gargaɗin kada a saki sandar da kyamara a kanta. In kana son abin da za ka kafa ka juya baya, sayi tirafod mai ƙafa uku na gaske.

Jita-jita ta biyu ita ce lambar da ke jikin kwali. Sai a rubuta tana ɗaukar kilo 10 ko 15, mutum ya biya kuɗi yana murna. Babu wani ma'auni guda da ya wajaba a kan duk kamfanoni wajen rubuta wannan lamba, balle kayan da ko sunan kamfani babu. Ni shawarata, auna kayanka duka, ka nemi sandar da lambarta ta ninka nauyin nan sau biyu, sannan kada ka yarda sai ka gwada.

Ga yadda ake gwajin. Zare sandar gaba ɗaya, ka kulle kowace gaɓa, ka dafa samanta da hannu biyu ka danna da ƙarfi. In ko gaɓa ɗaya ta zame ciki, ajiye musu kayansu. Sai ka duba gaɓar ƙarshe ta ƙasa, domin ita ce mafi siranta kuma daga nan rauni yake farawa. Wadda ba ta kai kaurin babban yatsanka ba, ba ta aikin biki ba ce. Gaɓa uku ko huɗu sun isa. Mai biyar ko shida tana da daɗin sawa a jaka a kan babur, amma kowace gaɓa ƙarin wurin rawa ce. Tsawonta kuma ya kawo kyamara daidai idonka ba sai ka sunkuya ba.

Duba notin sama. Ƙasan kyamara yana karɓar mai kwata ɗin inci, kan bidiyo da ake sawa tsakanin sanda da kyamara kuma yawanci mai 3/8 na inci. Sanduna masu kyau notinsu ana juya shi ya yi duka biyun. Lallai ya kasance a dashe cikin ƙarfe. Wanda aka dasa cikin roba wata rana zai tuge ya bi kyamarar. In lens ɗinka dogo ne, a zoben lens ake ɗaura sanda, kada a ɗaura a jikin kyamara.

Ana ta zuzuta sandar kabon faiba saboda rashin nauyi. Gaskiya ne ba ta da nauyi, amma in ta bugu da ƙarfi tsagewa take yi, babu mai gyara maka. Alminiyam lotsawa yake yi, sau da yawa a ci gaba da aiki. Ga mai yawo ƙauyuka a kan babur, alminiyam mai kauri ya fi. Makullin maɗalli mai noti kuma ya fi mana sauƙi, domin in ya saki kana iya ɗaure shi da kanka. Da hunturu, goge ƙura da busasshen tsumma. Masu zuba baƙin mai a gaɓoɓi, ku daina. Mai yana kama rairayi ya cinye makullin.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne halinmu. Mutum zai tara kuɗin shekara ya sayi kyamara, sai ya aiki yaron shago Kano, Sabon Gari ko titin Beirut, ya ce ya samo sanda "kowace iri mai sauƙi". Araha ba ta ado. Iyayen gida kuma suna miƙa wa yara kaya ranar Lahadi su je kasuwa ɗaukar hoto, ba a taɓa koya musu sa igiyar sanda a wuyan hannu ba.

'Yan'uwana masu hoto, ku je da kyamararku wajen saye, ku ɗora ta ku gwada kafin ku biya. Kuma muddin kyamara na kan sanda, kada hannu ya bar ta.